Me ya sa babanmu ya ɗaure fuska a hotonsa na ƙuruciya?

Tambaya: Malam, na tsinci hoton babanmu a adakar kakarmu nan Tahoua, yana ɗan shekara bakwai. Ya miƙe ƙyam cikin riga da hula, fuska a ɗaure kamar dattijo. Su kuwa yaran Turawa na tsofaffin hotuna, sai ka ce mala'iku. Yaranmu na da ba su mori ƙuruciya ba ne?

Amsa: Ƴar'uwa, sun more ta sarai. Manya ne suka shirya hotunan nan duka biyu, kowa ya nuna irin yaron da yake so a ce ya haifa.

Da hoto ya ɓullo a Faransa a 1839, sai mutum ya daskare na ɗan lokaci kafin ya ɗauku. Yaro kuwa ba ya zama wuri guda, har akan lulluɓe uwa da zane ta riƙe shi a cinya. In kin lura za ki hango yatsunta. Fararen riguna da furanni ra'ayin zamanin ne cewa yaro tsarkakakke ne, duniya ba ta taɓa shi ba. A Ingila wata mai ɗaukar hoto, Juliya Magaret Kamaron, har fukafukai ta ɗaura wa yara. Abin da ke ci mini rai, a wancan ƙarnin ne ƴaƴan talakawa ke aiki a masaƙu, har dokar Ingila ta 1833 ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 9 ba. Ba su ake jera wa furanni ba.

Zamanin babanku na'ura ta riga ta yi sauri, saboda haka ba ita ta hana shi murmushi ba. Mu ma mun ce alƙalami bai hau kan yaro ba, amma abin da muke yabo gare shi kunya ce da natsuwa. Hoto kuma sai da dalili, galibi ranar Salla: a yi masa aski, a sa masa sabon ɗinki, a ce "tsaya da kyau, kar ka motsa". Wangale baki gaban baƙo rashin tarbiyya ne. Dubi hannuwansa da ƙafafunsa, nan ƙuruciyar takan ɓuya: yatsu sun damƙe bakin riga, takalmi ya yi masa yawa don an saya da nufin ya kai baɗi.

Don Allah kar ki manne shi da leda, zafin injin yana lalata shi. Ki sa shi a ambulan, nesa da laima da gara. Ki juya bayansa kuma, sau da yawa hatimin mai hoton yana nan.