Amsar Goggo kan alif da ruwan randa

Ɗiyata na ga saƙonki tun jiya, biki ne ya ɗauke min hankali. Wai kina tambaya me yasa kakarku take juya alif a ruwan gulbi kafin a zuba a randa, camfi ne ko da dalili, tunda malaminku na kemistiri yana muku darasin gauraye-gauraye. Toh ba camfi bane wlh, matan nan sun san abinda suke yi, sunan boko ne kawai basu da shi.

Fara da kanwa. In Inna zata yi miyar kuka ko zata dafa wake bata taɓa jefa ungurnu haka a tukunya, jiƙawa take a ɗan kwano, in ta narke sai ta tsiyaye ruwan sama ta bar na ƙasa, sbd kanwar ta bi ruwa ta ɓace ko da rariya bazaki raba su ba, amma yashin da ta taho dashi tun daga can wajen tafkin Chadi baya narkewa, zama yake a gindin kwano. Haka gasara, ki niƙa gero ki tace ki ajiye, da safe zaki ga ta kwanta ruwa ya taso sama, nauyinta ne ya kai ta ƙasa ba wani abu ba.

Ruwan gulbi da damina shine mai taurin kai. Yashinsa yana kwantawa nan da nan amma jan nan ko kwana biyu yayi a bokiti yana nan, don laka ce mai laushin gaske da ido baya ganin ƙwayarta, bata narke ba kuma ta ƙi kwanciya, ina jin ita ce kuke cewa koloyid. Ƙwayoyin duk caji iri ɗaya ke jikinsu shi yasa suke ture juna. Alif na shiga sai ya kashe cajin, su manne su dunƙule suyi nauyi. Har yau ina ganin hannun Inna, ɗan guntun alif kamar ƙanƙara tsakanin yatsunta, ta zagaya dashi sau uku ko huɗu ta cire ta mayar saman taga, mu kuma mu tsuguna muna kallon lakar tana taruwa kamar dusa tana sauka. In yayi yawa ruwan sai yayi bauri, nan ne faɗa yake tashi. Gidan ruwa ma alif suke zubawa buhu-buhu, a Sudan kuma matan bakin kogin Nilu ƙwayar zogale suke dakawa suyi aikin da ita.

Nono ma danginsu ne fa, madara bata kwanciya da kanta sai tsami ya shige ta ta kama jikinta ta zama kindirmo.

Amma ki ji wannan da kyau, alif gyara ruwa yake a ido, baya kashe ƙwayoyin cuta. Wasu suna bin lakar ƙasa, wasu suna nan. Mu mun sha haka kuma mun sha ciwon ciki, ban ɓoye miki ba. In kin je ƙauye hutun nan ki tsiyaye ki tafasa tukuna, ko su Baba sun miki dariyar 'yar birni. Ki gaida mamanki, kice ta aiko min da kwanon sha na.