Tambayoyinku: Yadda ake baje ayyukan ma'aikata a shafin cikin gida na kamfani

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar wani sashe mai ma'aikata 12. Kamfaninmu yana da shafin cikin gida a kan SharePoint, manhajar Microsoft ta gina shafukan kamfani, wanda ma'aikata kaɗai ke iya buɗewa. Duk Litinin nakan zana jadawalin ayyuka in liƙa a shafin, amma kafin Laraba ya riga ya tsufa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Jadawalin ba shi da laifi. Matsalar ita ce aikin yana zaune a wuri biyu: a hannun masu yinsa, da kuma a kwafin da kika liƙa. Muddin hannu ne ke kwafowa, kwafin zai riƙa zama a baya. Abin da ake so shi ne ayyukan su zauna a ma'ajiya ɗaya tak, shafin kuma ya riƙa nuno su kai tsaye daga can, ta yadda wanda ya gama aiki ya sa alama, kowa ya gani nan take.

A SharePoint hanya biyu ce. Ta farko ita ce Planner, manhajar tsara ayyuka a allon katuna da Microsoft ta fitar a 2016. Ki buɗe shafin, ki latsa maɓallin gyara, ki taɓa alamar ƙari a inda kike so allon ya zauna, ki zaɓi Planner. Za a tambaye ki ko tsarin da kuke da shi za a ɗauko ko sabo za a buɗe, sannan ko allon katuna kike so ya bayyana ko zanen ƙididdiga. Kada ki manta da sake wallafa shafin, domin idan ba a wallafa ba, sauran ma'aikata ba za su ga gyaran ba. Kowane kati yana ɗauke da sunan aiki, mai aikin, wa'adi, matsayi uku (ba a fara ba, ana kai, an gama), da ƙaramin jerin matakai da ba ya wuce 20.

Ta biyu ita ce jeri, wato Microsoft Lists, inda ke da kanki za ki gina guraben. Biyar sun isa a fara: sunan aiki, mai aiki, wa'adi, matsayi, da muhimmanci. A nan ne aka fi yin kuskure, saboda haka a kula da nau'in kowane gurbi. Gurbin mai aiki ya zama nau'in mutum, wanda ke ɗauko suna daga rajistar ma'aikata, ba na rubutu zalla ba. Wa'adi ya zama nau'in kwanan wata. Matsayi ya zama na zaɓi. Idan aka bar matsayi a buɗe, wani zai rubuta "an gama", wani "kammalalle", wani "na yi", kwamfuta kuwa abu uku daban take gani, ba za ta taɓa ƙidaya miki su wuri ɗaya ba.

A ganinmu, ga mutum 12 da ayyukan yau da kullum, Planner ya fi sauƙi. Idan kuwa kuna buƙatar ƙarin gurabe irin su lambar fayil ko sunan abokin ciniki, ki ɗauki jeri.

Tambaya: Na saka allon Planner a shafinmu, mu 'yan sashe muna ganinsa sarai, amma babban manaja ya ce shi babu abin da ke fitowa. Shin in mai da shi mamba ne?

Amsa: Malam, dalilin shi ne kowane tsari na Planner mallakar rukunin da aka buɗe shi a ciki ne. Izinin ganin shafi daban, izinin ganin katunan daban. Manajan ya shigo a matsayin mai ziyara, ya ga shafin, amma katunan na mambobin rukuni ne.

Idan shi kaɗai ne, mai da shi mamba ba laifi. Amma kada ka ɗauki wannan a matsayin maganin kowa da kowa. Duk mamba yana iya gyara kati, ya matsar da shi, har ya goge shi, kuma katin da aka goge a Planner ba ya zuwa kwandon shara, ya tafi ke nan. Ƙari a kan haka, mamba yana samun fayilolin rukunin gaba ɗaya, har da waɗanda ba a yi niyyar nuna masa ba.

In mutane da yawa ne ke buƙatar kallo ba tare da taɓawa ba, jeri ya fi dacewa. SharePoint yana raba mutane gida uku: masu shafi, mambobi, da masu ziyara waɗanda karatu kawai suke iya yi. Abin da aka goge daga jeri yana zama a kwandon shara kwana 93 a SharePoint na intanet, kuma tarihin gyare-gyare yana nuna wanda ya sauya wa'adi da lokacin da ya sauya. Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: matakin izini da mambobi ke samu tun farko, mai suna Edit, yana ba su damar goge jerin ɗungurungum. Matakin Contribute yana barinsu su ƙara aiki su gyara, amma ba su iya rushe jerin. Ka roƙi sashen kwamfuta su sauya muku shi a kan wannan jerin.

Tambaya: Yaya zan yi kowa ya ga nasa ayyukan kawai idan ya buɗe shafin, da kuma waɗanda wa'adinsu ya wuce?

Amsa: Ba sai an yi wa kowa shafinsa ba. A jerin, ka ƙirƙiri sabon salon kallo, ka tace gurbin mai aiki da kalmar Me, wato "ni", a tsakanin baka biyu masu kusurwa. Shafin zai gane wanda ya shiga, ya nuna masa nasa. Ga waɗanda suka makara, sharaɗi biyu ne a haɗe: wa'adi ya gaza Today, wato "yau", ita ma a cikin irin wannan baka, kuma matsayi bai zama "an gama" ba. In ka manta da na biyun, duk tsofaffin ayyukan da aka kammala za su cika maka allo. Sai ka saka jerin sau biyu a shafin, kowanne da salonsa, na makararru a sama.

Tarko biyu ne a nan. Kada ka yi ƙoƙarin lissafa kwanakin da suka rage ta gurbin lissafi, domin wannan gurbi ba ya sake lissafi sai an gyara layin, don haka zai tsaya a ranar da aka taɓa shi ƙarshe. Sannan ka duba yankin lokaci a saitin shafin. Idan an bar shi a kan agogon wata nahiya, "yau" ɗin shafin zai saɓa da naku da awoyi, aikin da ya makara ya ƙi fitowa sai can da rana.

Ka sani kuma wannan tacewa ba kulle ba ce. Wanda ya sauya salon kallo zai ga na kowa. Maganar albashi ko ladabtarwa ba ta da wuri a irin wannan jeri.

Tambaya: Mun fara da zafi, amma bayan wata biyu allon ya cika da katuna fiye da 80, babu mai sabunta su. Manhajar ce ba ta da kyau?

Amsa: Da wuya, Malama. Ki duba katunan da suka fi daɗewa, za ki tarar yawancinsu ko dai ba su da wa'adi, ko an ɗora wa mutum uku ko huɗu. Aikin da aka ba mutum huɗu kowa yana jiran ɗan'uwansa. A Planner ma, da zarar ɗaya ya sa alamar gamawa, katin ya rufe ga dukkansu, ko da sauran ba su yi nasu kason ba. Kowane kati ya kasance da mutum ɗaya da za a tambaya. Masu taimaka masa a rubuta su a bayani.

Sai sunan aikin. "Rahoton wata" ba aiki ba ne, take ne. "Aika rahoton watan Maris ga sashen kuɗi" shi ne aiki, domin ana iya cewa an yi ko ba a yi ba. Abin da zai ci fiye da mako ɗaya a raba shi.

Allon katuna ya samo asali ne daga tsarin kanban na kamfanin Toyota a Japan, wanda Taiichi Ohno ya gina, kuma ginshiƙinsa shi ne taƙaita aikin da ke hannu a lokaci ɗaya. Wannan ne ɓangaren da ofisoshi suka fi watsarwa. Ku yi yarjejeniya cewa mutum ba zai riƙe fiye da kati uku a "ana kai" ba. Manhajar ba za ta hana shi ba, ku ne za ku tsare. Sannan ku ware minti 15 a mako, a buɗe shafin a gaban kowa, a fara da makararru. Shugaba kuma ya daina karɓar bayanin ci gaba ta imel ko saƙon waya. In an aiko, ya ce a sa a kati. Ranar da ma'aikata suka ga shugaba yana samun labari ta wata hanya, ranar za su daina taɓa allon.

Tambaya: Jerinmu ya shekara uku, yanzu wasu salon kallo sun daina buɗewa, sai saƙon kuskure.

Amsa: Alama ce kun haye layi 5,000, iyakar da SharePoint ke yarda ya bincika a tambaya ɗaya. Bayananku suna nan lafiya. Ku shiga saitin jerin, ku sa fihirisa a guraben da kuke tacewa da su, musamman matsayi da wa'adi, kuma sharaɗin farko na kowane salo ya zama wanda ke rage layukan ƙasa da 5,000. Ayyukan da aka gama fiye da shekara ɗaya a kwashe su zuwa jerin ajiya na daban, a riƙa yin haka duk ƙarshen shekara.