Amsa: Sayen mesh mai rangwame don gida a Gusau

Malam, ka tambaya ko mesh (na'urorin Wi-Fi da ke haɗuwa da juna su raba intanet ko'ina a gida) mai guda uku da aka karya wa farashi zai wadaci gidanka mai ɗaki biyar. Zai iya, amma fara duba ramin da ake soka wayar intanet a bayansa. Masu araha irin su Tenda MW3 da Deco E4 gudun intanet da raminsu ke ɗauka 100Mbps ne kawai, ko da rautar 5G ka haɗa ba za su wuce nan ba. Deco M4 kuwa raminsa gigabit ne, wato 1000Mbps. Sau da yawa rami mai 100Mbps ɗin nan ne dalilin rangwamen, tsohon samfuri ne.

Bangon bulo na cinye siginar Wi-Fi ta 5GHz sosai, don haka kada bango ya wuce biyu tsakanin na'ura da na'ura. Idan akwai sashen baƙi a ƙetaren tsakar gida, ja wayar intanet ta Cat6 zuwa can, ta fi komai.

Mesh ba ya ƙara ƙarfin sabis, abin da layinka ya kawo yake rabawa. Wuta ma: kowace na'ura da cajarta, sai ka tanadi ƙaramin UPS (batirin da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta) daidai da boltin da ke jikinta, ka nisanta su da zafin kwano. Idan na hannu ne, a cire asusun mai shi na farko a gabanka kafin ka biya.