Tun da daga tazargade aka ciro maganin maleriya, me zai hana in jiƙa shi a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin shinkafa ne a Argungu. Duk damina masassara ba ta barin gidanmu, musamman yara. Inna takan dafa ganyen dogon yaro da na mangwaro da lemun tsami, a yi surace, a kurɓi kaɗan. Kwanan baya na ji a rediyo wai ƙwayar maleriya ta asibiti daga tazargade aka ciro ta. In haka ne, me zai hana in sayi tazargade in jiƙa wa ɗana mai shekara huɗu, in huta da kuɗin kemis? Ko dai ku 'yan boko kasuwarku kuke karewa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yara lafiya, ya ƙara wa Inna tsawon rai. Zancen kare kasuwa ya ba ni dariya, amma ban ga laifinka ba, don abin da ka ji a rediyo akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mu da muka karanta ilimin samo magani daga tsirrai ba mu isa mu raina sassaƙe ba, a kansa muke cin abinci. Kwinin, kakan magungunan maleriya, daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka wasu Faransawa biyu suka tace shi a 1820. Kwankwani da maharbanmu ke haɗa dafin kibiya da shi, daga danginsa Turawa suka fitar da maganin zuciya. A nan gida ma, cibiyar binciken magunguna ta Abuja, NIPRD, ta haɗa Niprisan don masu cutar sikila daga tsirrai huɗu, uku daga ciki kana iya samunsu a kasuwar Argungu yau: kanumfari, masoro da karan dafi.

Labarin ƙwayar da kake tambaya kuwa daga ƙasar Sin ya taso. A 1967 gwamnatinsu ta kafa wani shirin sirri na neman sabon maganin maleriya, saboda ana yaƙin Biyetnam kuma cutar na kayar da sojoji. Wata masaniya, Tu Youyou, da mutanenta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000. Wani tsiro mai suna Artemisia annua, ɗan dangin tazargade, ya riƙa yi musu wasan ɓuya: yau ya yi aiki a jikin ɓeraye, gobe ya ƙi. Sai ta koma ga rubutun wani tsohon mai magani, Ge Hong, na ƙarni na 4, ta ga bai ce a dafa ba, cewa ya yi a jiƙa a ruwa a matse a sha. Nan ta zargi wuta da lalata abin da suke nema. Ta daina tafasawa, ta tace shi da wani sinadari ba tare da zafi sosai ba, a gwaji na 191 aka dace, a 1971. Shekara ɗaya bayan nan suka ware tsantsar sinadarin, atimisinin. An ba ta lambar Nobel a 2015. Ka lura da wuri ɗaya a labarin nan: tukunya a kan murhu ita ce ta fara ɓata musu aiki.

Yanzu mu zo ga ƙullin da za ka saya. Da farko, wane tsiro ne a ciki? Dangin Artemisia ɗaruruwa ne, kuma sunan tazargade a bakin 'yan kasuwa bai tsaya a kan ɗaya ba. Na taɓa sayen ƙulli uku daga masu magani uku a rana ɗaya, na baje su a kan farar takarda. Ɗaya toka-toka ne mai ƙamshi mai hawa kai, ɗaya ya fi kore, na uku rabinsa karmami ne da ƙasa. Kowane mai shi ya rantse nasa ne na asali, kuma ban ce ƙarya suka yi ba, abin da suka gada ke nan. Shi ya sa aikinmu na farko a ɗakin bincike, kafin niƙa da jiƙo, shi ne a samo tsiron da ganyensa da furensa, a danne shi tsakanin takardun jarida ya bushe, masani ya tabbatar da sunansa.

Ko da an dace na gaskiyar ne, saura awo, kuma a nan nake so ka tsaya da ni, don kai ka fi ni sanin abin. In za ka yi feshin ciyawa a fadama, marfi nawa kake zubawa a tanki? Ka san adadin, ba ka yin kirdado. In ka rage don tattali, ciyawa ta yi yaushi kwana biyu ta miƙe, baɗi kuma ta raina maganin. To a ce an ba ka galan babu takarda, ba ka san ko tsantsa ne ko an tsinka shi sau goma ba. Jiƙon ganye ke nan. Yawan atimisinin a busasshen ganye yana hawa da sauka gwargwadon iri, ƙasar da ya fito, lokacin girbi da yadda aka adana shi: wani ya haura kashi 1 cikin 100, wani da ƙyar ake ganin alamarsa. Kuma ba ya narkewa sosai a ruwa. Ƙwayar maleriya ta asibiti, Coartem, ɗaya kuwa miligiram 20 ne na atimita, wanda aka sarrafa daga atimisinin, da 120 na wani maganin, lumifantirin, a Argungu ko a Kano. Yaro mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya yake sha a kowane karo, mai kilo 15 zuwa 24 biyu, sau shida cikin kwana uku.

Me ya kawo magani na biyu a cikin ƙwayar? Atimisinin jarumi ne mai gajen zama. Yana kashe ƙwayoyin cuta da sauri, amma cikin 'yan awowi ya fice daga jini. Lumifantirin shi ke zama kwanaki yana share waɗanda suka tsira, kuma ya fi shiga jiki in an sha shi da abinci mai maiƙo ko madara. Jiƙo ba shi da wannan abokin tafiya. Zazzaɓi zai iya sauka, kowa ya yi hamdala, bayan mako biyu ya dawo, jinin yaro ya ƙara tsinkewa. Waɗanda suka tsira kuma su ne masu taurin kai. Haka muka rasa kulorokwin, har Najeriya ta sauya shi a 2005. An riga an ga maleriya mai jure wa atimisinin a Kambodiya, daga baya a Ruwanda da Yuganda. Dalilin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen a matsayin shayi ke nan.

Ba abin wasa ba ne a wajenmu. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya sami cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada, babu jihar da ta kai mu.

Tukunyar Inna fa? Ba zan ce ka kifar da ita ba, ba ka ma isa ba. Surace yana sa babba ya yi gumi, jiki ya saki, ya ji daɗi. Sai dai saukar zafin jiki daban, mutuwar ƙwayar cuta daban, kuma ɗaci ba shaidar ƙarfin magani ba ne. Ƙaramin yaro kada a lulluɓe shi a kan tafasasshen ruwa, kada a yi masa ɗure, don in ya shaƙe ruwan huhu yake tafiya. Man 'ya'yan dogon yaro kada ya kusanci bakin jariri, an san yana jawo amai da jijjiga. Mai ciki ma ta bar jiƙe-jiƙen nan.

Ranar da jikin yaron ya yi zafi, kai shi a ɗiga jininsa a kan ɗan allon gwajin nan, minti 15 zuwa 20 an gani. In maleriya ce, a ɗora shi a sikeli a ba shi gwargwadon nauyinsa, ya shanye duk karo shidan ko da ya tashi yana guje-guje a rana ta biyu. In yana jijjiga, ko yana amayar da komai, ko ya kasa zama, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ƙwaya ta wuce wurin, allurar atesunet yake buƙata a asibiti a daren nan. In masu rabon maganin damina na wata-wata sun zo ƙofa, a karɓa masa, har yanzu yana cikin shekarun. In kuma yana da ƙane jariri, rigakafin maleriya da aka fara a Kebbi a Disambar 2024 daga wata biyar ake soma shi.

In Inna ta riga ta ba shi wani jiƙo, gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiya, ka tafi masa da ragowar ganyen a leda.