Tambaya da Amsa: Ɗalibaina sun ce rini ne a cikin gilashin

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare a Anguwar Rogo, Jos, ina koyar da 'yan aji biyar. Na sayi gilashin nan mai kusurwa uku da ake kira firizim don in nuna wa yara yadda haske ke rabuwa launi-launi. Na haska shi da tocilan waya, ba mu ga komai ba. Da muka fita rana muka ga ɗan launi a ƙasa, sai wani yaro ya ce ai rini aka zuba a cikin gilashin, sauran duk suka bi shi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri da kika ciri kuɗinki don yara su gani da idonsu. Yaron nan kuwa kada ki ce masa ya yi kuskure ki wuce, domin ya kawo miki darasin gaba ɗaya a hannu. Kusan abin da ya faɗa shi ne abin da manyan masana suka yi ta faɗa ƙarni bayan ƙarni, cewa gilashin ne ke sauya farin haske ya ba shi launi, har Isaac Newton ya yi gwaje-gwajensa a Ingila wajen 1666, ya wallafa sakamakon a 1672.

Mu fara da abin da ya hana ki gani. Hasken tocilan waya a baje yake fita, launukan da suka rabu sai su hau kan juna su koma fari. Siririn haske ake so a ɗaki mai duhu. Ki rufe tagogi, ki samu kwali ki tsaga shi da reza, tsaga siririya kamar kaurin tsinken ashana, ki toshe taga ɗaya da shi. Yaro ɗaya ya tsaya a waje da madubi yana karkato hasken rana zuwa tsagar. Ki ɗora gilashin a kan hanyar hasken, ki riƙa juya shi a hankali. Ga inda mutane da yawa ke ɓacewa: suna neman launin a gaba sak, alhali hasken ya kauce gefe da kusan digiri 40. Don haka yaro na biyu ya riƙe farar takarda yana nema a gefe, ya ja baya kamar taku uku, domin iya nisan takardar iya buɗewar launukan. Ki zaɓi ranar da sama ta washe, hazon hunturun Jos na rage ƙarfin rana ƙwarai. Kuma tun kafin a fara ki kafa doka: babu mai kallon rana ta cikin gilashin ko madubin, ko da na ƙiftawar ido ne, saboda yana lahanta ido.

Kafin ranar ma, ki fara da cokali a kofin gilashi mai ruwa. Su gan shi kamar ya karye, su ciro shi su ga lafiyarsa lau. Dalili shi ne haske na gudun kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya a cikin iska, a ruwa ya sauko zuwa kusan 225,000, a gilashi kuma kusan 200,000. Idan ya shiga a karkace, wannan ragin gudun ne ke sauya masa alƙibla. Ni dai misalin da na fi so shi ne kurar mai ga-ruwa. Idan ya turo ta daga kwalta zuwa yashi a kaikaice, taya ɗaya ce ke fara nutsewa, ɗayar na kan gudunta, sai kurar ta juya da kanta. Babu yaron da bai taɓa ganin haka a unguwa ba. Launukan da ke cikin farin haske kuwa ba daidai suke rage gudu a gilashi ba. Ja ne ya fi kowa sauri a ciki, shi ya sa karkatarsa ta fi ƙanƙanta, shunayya kuma ta fi kowa jinkiri, ta fi kowa karkata. Sauran na tsakaninsu.

Yanzu ga maganar rini. Ki ce wa yaron: in rini ne a ciki, to duk hasken da ya ratsa gilashin ya kamata ya fito da launukan nan duka, ko ba haka ba? In ya yarda, sai ki ba shi kwali mai ƙaramin rami ya tare launukan, ya bar ja kaɗai ya wuce. Ki sa gilashi na biyu a gaban jan. Zai sake karkata, amma ja zai fito, babu kore babu shuɗi. Wannan shi ne ainihin gwajin Newton. Daga nan ki cire kwalin, ki kifa gilashi na biyu ya saɓa wa na farko, ki matso da su kusa da juna, sai launukan su haɗu su koma fari. Rini ba ya haka. In babu gilashi na biyu, ki jingina madubi a karkace cikin kwanon ruwa a hasken rana, ruwan da ke kan madubin zai raba hasken ya jefa launuka a bango, kuma yara ne suka ɗebo ruwan da hannunsu, sun san babu abin da aka zuba masa.

Abu ɗaya da ba na so a ajin kimiyya shi ne a sa yara haddar launi bakwai alhali ba su duba ba. Ki bar su su ƙirga abin da suka gani. Wani zai ce biyar, wani shida, kuma duk ba su yi ƙarya ba, don babu iyaka tsakanin launi da launi, wannan na narkewa cikin wancan ne. Newton da kansa biyar ya fara lissafawa, daga baya ya ƙara ruwan lemo da shuɗin baba suka cika bakwai. Ki ambata musu sunayen da harshenmu: ja, ruwan lemo, ruwan ɗorawa, kore, shuɗi, shuɗin baba irin na marina, da shunayya.

Za su tambaye ki bakan gizo, babu makawa. A farkon ƙarni na 14 Kamaluddin al-Farisi, wanda ya yi sharhin littafin Ibnul Haisam kan ilimin gani, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa a matsayin ɗigon ruwan sama guda, ya bi hanyar haske a cikinsa. Ya gano cewa hasken na karkata yayin shiga, ya bugi bayan ɗigon ya dawo, ya sake karkata yayin fita. Ku ma za ku iya haɗa naku a filin makaranta. Yara su juya wa rana baya, a fesa ruwa da tiyo ko da gorar da aka huhhuda murfinta. A yi da sassafe ko bayan la'asar, domin in rana ta haura digiri 42 a sama, bakan na faɗawa ƙasa da inda ido ke hange, shi ya sa ba a ganin bakan gizo a sama da tsakar rana.

Maganar da muka taso muna ji, wai bakan gizo na shanye ruwa, ita ma lura ce ta gaskiya ta haife ta. Bakan ba ya fitowa sai rana ta leƙo ta gefe ɗaya alhali akwai yayyafi a ɗaya gefen, kuma sau da yawa hakan na faruwa ne lokacin da hadari ya fara watsewa. Damina mai zuwa ki sa su riƙa lura da inda rana take duk ranar da suka gan shi. Da yamma za su same shi a gabas, da safe kuma a yamma.