Zan zaga da mahaifina manomi cikin Amurka da mota: ina za mu tsaya?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Shekarata shida ke nan ina zaune a Chicago. Mahaifina zai zo ganin jikokinsa cikin watan Agusta, kuma zai ɗan jima. Manomi ne tun tasowarsa, masara da dawa da waken suya, ya daɗe yana huɗa da shanu kafin Allah Ya hore masa tarakta. Dogayen gine-gine ba sa gabansa, ko a waya abin da yake tambayata shi ne yadda mutanen nan suke noma. Na samu hutun kwana goma, ina son mu bi hanya da mota har jihar Dakota ta Kudu mu dawo, tare da yarana biyu. Ina za mu ga tsofaffin injinan noma? Kuma abubuwan nan na bakin hanya da ake ta talla a alluna, akwai wanda ya isa a taka birki dominsa?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya kawo Baba lafiya, Ya saka maka da alheri.

Kafin ka buɗe taswira, buɗe kalanda. Tarakta da aka wanke aka shafa mata fenti aka kewaye da igiya, manomi zai kalle ta minti biyar ya ce a wuce. Wadda ke huci tana jan kaya kuwa, sai ka ja hannunsa kafin ya bar wurin. Don haka ka gina tafiyar a kan taron masussuka na garin Mount Pleasant da ke kudu maso gabashin jihar Iowa, wanda ake kira Midwest Old Threshers Reunion. Tun 1950 ake yin sa, kwana biyar, yana ƙarewa ranar hutun ma'aikata, wato Litinin ta farko a watan Satumba. Shawarata ka tashi ta arewa, ka bi babbar hanya mai lamba 90 zuwa Dakota ta Kudu, ka gangaro Nebraska, ka dawo ta mai lamba 80, yadda za ka iso Mount Pleasant a ƙarshen tafiya. Dalili biyu ne. Wurare da yawa suna rage lokacin buɗewa da zarar wannan Litinin ta wuce, sannan in Baba ya fara da ganin injin tururi yana aiki, duk abin da ya biyo baya lami zai zame masa.

Ga abin da zai tarar a can. Injinan tururi ne masu tafiya da ƙafafunsu, kamar kan jirgin ƙasa da ya sauka daga dogo, ana cusa musu itace ko kwal. Ana girke injin nesa da na'urar sussuka, a haɗa su da wani dogon bel mai faɗi, kuma nisan nan da gangan ne, don kada tartsatsi ya faɗa cikin tattakar alkama. Mutane na tsaye a kan amalanke suna jefa dammuna da cokulan itace ko na ƙarfe, tsaba na zubowa ta gefe guda, ƙaiƙayi da kara na tashi ta wancan. A zamanin da ake wannan aiki da gaske, manomi ɗaya ba ya iya sayen injin, ba ya kuma iya ciyar da shi da dammuna shi kaɗai. Maƙwabta ne ke haɗuwa, yau gonar wane gobe ta wane, mata suna gida suna girka abincin mutum ashirin. Kada ka wahalar da kanka wajen yi wa Baba bayani, da ya gani zai ce maka ai gayya ce. Injin girbi mai yanka da sussuka a tafi ɗaya shi ya kashe wannan al'ada, kuma kewarta ce ta sa tsofaffin manoma suka kafa taron. Yara ma ba za su yi ƙorafi ba, akwai ƙaramin jirgin ƙasa na tururi da taragon lantarki da ake hawa a zaga filin. Ka kama masauki tun yanzu, garin ƙarami ne kuma yana cika maƙil.

Gidajen tarihi kuwa suna da yawa fiye da kwanakinka, sai ka zaɓa. In ɗaya kawai za a bar ni in kai manomi, zan kai shi na jami'ar Nebraska da ke Lincoln, mai suna Larsen Tractor Test and Power Museum. Ƙarami ne, ba shi da ƙyale-ƙyale, amma labarin da ya haife shi kowane manomi ya san ɗacinsa. Wani manomi mai suna Wilmot Crozier ya sayi tarakta mai sunan Ford, ashe ba ta Henry Ford ba ce, wani kamfani ne a Minneapolis ya nemo mutum mai wannan suna ya liƙa a jikin kayansa. Tarakta ta ƙi aiki. Da aka zaɓi Crozier ɗan majalisar jiha, sai ya tsaya kai da fata har aka yi doka a 1919, cewa duk samfurin taraktar da za a sayar a Nebraska sai jami'a ta gwada shi ta tabbatar yana da ƙarfin da mai shi ya ce. Wadda ta fara cin jarrabawar a 1920 ita ce Waterloo Boy, mai shan kananzir. Har gobe ana wannan gwaji a Lincoln, kuma gidan tarihin yana cikin ainihin ginin da aka fara yin sa. Wanda ya taɓa sayen taki ya tarar rabin buhu yashi ne ba ya buƙatar a fassara masa muhimmancin wannan doka. Ka duba lokacin buɗewarsu kafin ka je, ba kullum ne ake samun su ba.

Na biyu shi ne Pioneer Village a garin Minden, ɗan ratse kaɗan kudu da hanya mai lamba 80 kusa da Kearney. Harold Warp, ɗan garin da ya yi arziki da sana'ar leda a nan Chicago, shi ya buɗe shi a 1953, ya tara kaya sama da 50,000. Wurin ya tsufa, za ka ga ƙura, amma an jera kayan bisa tsarin shekarunsu, kuma nan ne amfaninsa. Baba zai bi layi ya ga garmar doki, ya ga injin tururi, ya ga Fordson ta 1917, ya ga lokacin da aka bar ƙafafun ƙarfe masu haƙora aka koma tayar roba a shekarun 1930. Ka nuna masa bayan ƙaramar Ford ta 1939, wadda ake kira 9N. Hannuwa ukun nan da ake rataya garma ko haro, waɗanda ke ɗagawa su sauke da ƙarfin mai, dabarar Harry Ferguson ce, kuma sunansa ne rabin Massey Ferguson da Baba ya sani a gida. Zai yi mamaki in ka gaya masa cewa sai a 1954 yawan taraktoci ya zarce na dawaki da alfadarai a gonakin Amurka. Mutanen da suka yi huɗa da dabba a ƙasar nan ba su daɗe da raguwa ba.

Sai wuraren kamfanin John Deere, waɗanda ke kan hanyarka ta komawa gida. Na Moline zaure ne babba, ba a biyan kuɗin shiga, kuma ana barin mutum ya hau manyan injinan zamani ya zauna a mazaunin direba. Talla ce, ba na musu, amma yara za su so ta. Ni wanda ya fi kwanta mini shi ne na ƙauyen Grand Detour kusa da Dixon, inda John Deere, maƙerin da ya kafa kamfanin, ya zauna. Garmar da baƙi suka zo da ita daga gabas ta zubin ƙarfe ce, ƙasar Illinois kuwa baƙa ce mai danƙo, tana manne wa garma, sai manomi ya yi 'yan taku ya tsaya ya kankare. A 1837 Deere ya samu karyayyen zarton injin yankan katako, ya lanƙwasa shi ya goge har ya yi santsi, ƙasa ta riƙa zamewa da kanta. Akwai maƙera a wurin da ake hura wuta ana nuna aikin. Wanda ya san bambancin huɗar jigawa da ta fadama zai gane wannan tun kafin a gama faɗa. Kamfanin yana da wani gidan tarihin a Waterloo, amma ratse ne zuwa arewa. In kun yi niyyarsa, hanyar ta bi ta Cedar Rapids, inda akwai ɗan masallacin da 'yan Sham suka gina a 1934, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a ƙasar, kun ga kun jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Living History Farms kusa da Des Moines ma yana da kyau in lokaci ya bari, ana noma gonar 1850 da shanu, ta 1900 da dawaki.

Abubuwan bakin hanya kuma, ka ɗauke su a matsayin wurin miƙe ƙafa. Kusan dukkansu dabara ɗaya ce ta haife su: ƙaramin gari yana kallon motoci suna wucewa, sai ya ƙirƙiro abin da zai sa direba ya tsaya ya sayi mai da abinci. Ƙaton koren mutum-mutumin da ke Blue Earth a Minnesota, mai tsawon kusan mita 17, hoto ɗaya ya ishe ku. Wanda zai ja hankalin Baba shi ne Corn Palace a Mitchell, ginin da ake lulluɓe bangonsa da zane-zanen da aka yi da zangarkun masara masu launi daban-daban, ana sabuntawa lokaci-lokaci, al'adar da ta faro tun 1892 don nuna cewa ƙasar tana noma. Yana da ƙubbobi da hasumiyoyi, ka gargaɗi Baba tun daga nesa kada ya fara neman buta, ciki filin ƙwallon kwando ne. Wall Drug kuwa za ku gaji da ganin allunansa tun saura ɗaruruwan kilomita. Kantin magani ne da Ted Hustead da matarsa Dorothy suka saya a 1931, ciniki ya ƙi, sai a 1936 matar ta ce a kafa alluna a yi wa matafiya tayin ruwan ƙanƙara kyauta. Randar ƙofar gida da muke ajiyewa don lada, su da ita suka gina kasuwa. Yau tarkacen tsaraba ne ya cika wurin, ku sha ruwan ku ba shi awa ɗaya, sauran lokacin ku kai shi tsaunukan Badlands da ke dab da shi, sun fi shi komai. Dutsen Rushmore mai fuskokin shugabanni huɗu yana gaba, kuma yana da kyau yara su ji cewa tsaunukan nan masu alfarma ne a wurin ƙabilar Lakota, waɗanda har yau ba su yarda da yadda aka karɓe su ba. A Alliance ta Nebraska akwai Carhenge, tsofaffin motoci kusan 40 da aka kafa a tsaye aka shafa musu ruwan toka don kwaikwayon duwatsun Stonehenge na Ingila. Jim Reinders ya yi shi a 1987 don tunawa da mahaifinsa. Ina jin Baba zai tsaya yana lissafin kuɗin ƙarfen da aka bari a rana. Na ƙarshe shi ne tashar manyan motoci ta Iowa 80 a Walcott, mai ɗaukar tirela kusan 900, da wanzami da likitan haƙori a ciki, da gidan tarihin tsofaffin manyan motoci a gefe.

Zagayen nan ya haura kilomita 3,000. Da dattijo da yara a mota, kada tuƙi ya wuce awa biyar a rana, kuma gidan tarihi ɗaya a wuni ya wadatar. Tsakanin Alliance da Grand Island, hanya mai lamba 2 ta ratsa tuddan yashi masu ciyawa inda shanu suka fi mutane yawa, kyakkyawar hanya ce amma gidajen mai jefi-jefi ne, in tanki ya kai rabi ka cika. Ka guji tuƙin magariba saboda barewa, suna faɗowa titi babu sallama. Yammacin Dakota ta Kudu da na Nebraska agogonsu yana bayan na Chicago da awa ɗaya, ka lura da shi wajen lokutan salla da na buɗe wurare. Kada ka matso da tafiyar zuwa farkon Agusta, lokacin ne masu babura ke taronsu a Sturgis, masauki a yankin Rushmore yakan yi tsada ya kuma yi wuya.

Sai abinci. Iowa ce kan gaba a kiwon alade a duk Amurka, kuma rumfunan abinci na Mount Pleasant za su nuna maka haka. Ku yi guzuri daga Chicago a akwatin ƙanƙara, ku ƙara a Sioux Falls da Lincoln ko Omaha, inda akwai shagunan halal. A filin taron ku nemi dafaffiyar masara, ku tambaya ko da man shanu kaɗai aka shafa ta. Ka sa wa Baba hula mai inuwa, ka ɗauki kujerar naɗewa, don da wuya ya yarda ya bar gefen injin sussukar nan kafin la'asar.