Kalori nawa kyanwa mai kilo 4 ke buƙata a rana?

'Yar'uwa, kin ce magenki kilo 4 ce, an yi mata aikin hana haihuwa, kuma ba ta fita waje. Lissafin likitocin dabbobi mai sauƙi ne: ki ninka nauyinta sau 30, ki ƙara 70. Kin samu 190, abin da jikinta ke ƙonawa ko tana kwance. Tunda an yi mata aikin hana haihuwa, sai ki ninka da 1.2, ya zama kalori 228 a rana. Muzurun da ba a dandaƙe ba 1.4 ake sa masa.

Busasshen abincinsu kan kai kalori 350 zuwa 400 a giram 100, wato giram 60 ya ishe ta. Kan kifin da yara ke jefa mata a ɓoye ma yana cikin lissafi! Ki riƙa shafa haƙarƙarinta. In kitse ya rufe shi, ki rage mata abinci.